Nanding Mai Taho, Na Goma Sha Huɗu a Bango

Mare Ising, aminiyata, ya hau! Na rantse miki ya hau bango, da idona na gani, na sa yatsa na taɓa fentin bai ma gama bushewa ba, ga baƙin nan har yanzu a farcena ya ƙi wankewa. Sunan Nanding, mijina, mai tallan taho, awarar nan mai laushi da zaƙi! Na san labari ya riga wasiƙata isa Hong Kong, don Aling Choleng ba ta iya riƙe magana a ciki ko na minti biyar. Amma ita ranar tana gindin tukunyar taliyar pansit, ba abin da ta gani sai hayaƙi. Ni ce a jikin ragar filin wasa, da 'yata Lilibeth a kafaɗata. Don haka nemi wuri ki zauna, in uwar ɗakinki ta kira ki ce mata kina wanke banɗaki. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi, kin san ajin da na tsaya.

Bangon dai kin san shi, na tsohon ɗakin awon rake, wanda ke kallon fili. Sunaye goma sha uku da baƙin fenti, tun shekarar tamanin da shida, ranar da mutum goma sha uku na ƙungiyar garinmu Tubuhan kowa ya samu bugu mai rai a wasa ɗaya. Duk ƙauyukan raken nan ba wanda ya sake yin haka a besbol. Ke da in kin je fili 'yan wasa kike kallo ba wasan ba, bari in tuna miki. Bugu mai rai shi ne ka doki ƙwallo ka isa buhun farko kafin a jefo shi can, kuma ba don wani ya yi sakaci ya sake shi ba. In sakacin wani ne ya cece ka, ka tsira dai, amma littafi ba ya ba ka komai.

Tatay, mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, shi ne na tara a bangon. Kuma ba ki manta abin da ake yi da bangon nan ba. Jariri in an fito da shi daga coci ranar baftisma, ba a kai shi gida sai an bi ta can an ɗora tafin hannunsa a kan sunan ubansa, ko na kakansa na wajen uba. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya yi aron na wajen uwa, mata na tsaye suna kallo suna taɓe baki. Uban Nanding kuwa masunci ne daga Bicol, bai taɓa riƙe sanda ba sai ta tuƙa jirgi.

To ana saura mako uku a yi wa Lilibeth baftisma muna cin abinci a gidan Ate Remy, yayata, sai ta dubi yarinyar ta ce, "Kar ki damu Doray, ai na Tatay na nan, a ara mata. Aro ma ba laifi ba ne."

Da murmushi ta faɗa, tana zuba mini miya. Mare, ture kwanon shinkafar na yi gefe.

Ke kin san ni da Ate. Ita ce ta gama kwaleji. Ita Tatay ya zaunar a gefensa ya koya wa riƙe littafin wasa, ni kuwa in ya ɗago kai sai ya ce, "Doray, ɗebo ruwa." Da ya rasu ita aka miƙa wa littafin, da kujera, da laima, da teburinta a inuwa. Ita ta auri Kuya Efren, wanda in ya doki ƙwallo sai an shiga cikin rake ana nema, wanda ubansa ne na ɗaya a bangon. Gidanta da tayil har kicin. Ni ba na ƙin Ate, kar ki ce na ce. Amma akwai ranar da na tsaya a bakin fili na ji gari duka na kiran "Efren! Efren!", na juya na ga nawa mijin a ƙarshen benci yana ɓare wa mutane lemo, sai na ji kamar in haɗiye harshena. Shekara uku Nanding yana ƙungiyar nan, sau huɗu aka taɓa ba shi sanda, sau huɗu ya dawo yana sosa ƙeya.

Ranar bikin waliyyinmu San Isidro mutanen ƙauyen Ilaya suka zo karawa da mu da motoci biyu da ganguna. Kocinsu ya riga ya yi rantsuwa tun bara, da Kuya Efren ya watsa musu ƙwallo uku cikin rake, cewa bana ba zai ga jifa ɗaya mai kyau ba. Haka kuwa aka yi. Duk sanda Kuya ya tsaya da sanda, sai mai jifansu, wani dogo da suke kira Dagul, ya wurga huɗu can gefe, inda ko da gorar tsinkar mangwaro ba za ka kai ba. In an yi haka sai ka ajiye sanda ka taka zuwa buhun farko kyauta. Hanya ce aka ba ka, ba bugu ba ne, littafi ba ya lissafa ta.

Sauran namu kuwa kamar an sako su daga mari. Wannan ya doka, wancan ya doka. Kafin zagaye na biyar mutum takwas cikin taran da suka fara kowa ya samu nasa, muna da maki sha biyu suna da uku. Sai na ga Mang Kulas, kocinmu, ya je teburin Ate ya leƙa littafi, ya juya ya kalli bango, ya daɗe yana kallo. Daga nan ya fara kwashe mutanen benci yana turawa ɗaya bayan ɗaya. Na tara ya samu. Na goma ya samu. Wurin ya fara ɗaukar zafi, tsofaffi suka bar kujerunsu suka matso jikin raga suna ƙirgawa da yatsu. Sha ɗaya. Sha biyu. A zagaye na takwas wani ƙanin matar Mang Kulas mai suna Onyok, wanda ba shi da takalmin wasa sai da Nanding ya cire nasa ya ba shi, ya aika ƙwallo ta kan mai jifa. Sha uku!

An yi ihu, Mare, har Lilibeth ta firgita ta fasa kuka. An kamo na tamanin da shida. Ɗaya kawai ake nema a wuce su. In an wuce su kuma, kin san doka: a shafe tsofaffin sunaye da farar ƙasa a rubuta sababbi.

Mutum biyu suka rage da ba su da bugu. Kuya Efren, wanda layi ya zo kansa a daidai lokacin. Sai Nanding, shi kaɗai a benci da silifas, yana cin dafaffiyar shinkafar nan ta cikin ganye, suman.

Sai wata mata ta ce, "Wayyo, ga Mang Pedring can!"

Duk muka juya. Tsohon mai kaɗa ƙararrawar coci ne yana jan gwiwarsa zuwa hasumiya. Ƙarfe biyar ta yi. Ranar biki kuwa da ƙararrawa ta kaɗa an gama wasa, ko ƙwallo na sama ne, kowa ya ajiye sanda a je a ɗauko waliyyi a zaga gari da shi. Mutane suka bi shi a guje.

"Mang Pedring, zo ka ci pansit!"

"Lolo, kakanmu, ga kujera, huta wa gwiwar nan!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "San Isidro ba ya jiran besbol." Ya kama matakala. Matakala arba'in da biyu ce, ko da ciwon gwiwarsa, kafin ya kai sama mutum ɗaya kawai zai samu lokacin riƙe sanda.

Kuya Efren ya riga ya taho yana juya sanda. Sai Mang Kulas ya tare shi ya miƙa hannu.

"Efren, kawo sandar."

Kuya Efren ya dube shi.

"Ni, Mang Kulas? Ni za ka cire?"

"Sau huɗu ka je, sau huɗu sun ba ka hanya. Na biyar ma haka za su yi, ƙararrawa ta kaɗa, mu tashi da sha uku."

"To shi ɗin ma ai hanya za su ba shi."

"Wa? Nanding? Dubi Dagul ka gani."

Dagul kuwa ya dafa gwiwa yana dariya har hularsa ta faɗi. Kocinsu na ta yi masa alama da hannu ya jefa gefe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Haba koci! In na ba mai taho hanya kyauta, da wane ido zan shiga Ilaya? Matata ma ba za ta buɗe mini ƙofa ba!"

Na kalli Ate. Biron da ke hannunta sai da ya lanƙwashe.

Nanding ya taso da sauran suman a baki. Ya dubi silifas ɗinsa, ya tuɓe su ya jera su a gefe kamar zai shiga ɗakin mutane, ya tako da ƙafa ba takalmi. 'Yan Ilaya gaba ɗaya suka ja murya irin tasa ta asuba: "Tahoooo!" Har namu wasu sun yi dariya, na gan su, na kuma riƙe sunayensu.

Na ce, "Nanding! Ka buɗe ido fa!"

Ya ce, "To, Doray."

Jifa ta farko ta wuce shi bai ko motsa ba. Ta biyu ya kai duka bayan ƙwallo ya daɗe da shiga hannun mai cafewa, har ya juya kamar katantanwa. Saura ɗaya a fitar da shi. Na cusa fuskata a wuyan Lilibeth, na sake ɗagowa don zuciyata ta ƙi.

Ta uku ya rufe ido, na gan shi, ya kai duka. Ƙwallon ya ɗan goga bakin sanda, ƙwas, ya gangara wajen buhu na uku a hankali kamar lemon tsami ya faɗo daga kwando. Mai tsaron wurin, Pilo, yana can baya nesa inda ya tsaya tun don Kuya Efren, ya manta bai matso ba.

Mare, kin taɓa ganin Nanding ba kaya? Mutumin da kullum tun asuba yake zaga ƙauye huɗu da bokiti biyu a kafaɗa? Yau an sauke masa bokitan. Ƙura kawai na gani da fararen tafin ƙafa. Pilo ya sheƙo ya kai hannu tsirara, ƙwallon ya taɓa yatsunsa ya zille. Nanding ya take buhun farko ya wuce, bai tsaya ba sai da ya shiga cikin rake.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Na yi tsalle, na yi ihu, ban san me na ce ba. Sai na lura ni kaɗai nake yi. Kowa ya juya yana kallon teburin da ke ƙarƙashin laima. Alƙalin wasa nasa kawai ya ce mutum ya tsira. Ko bugu mai rai ne, ko sakacin Pilo ne, wannan na mai littafi ne ita kaɗai, ba koci, ba Fadan coci, ba shugaban ƙauye.

Ate ta rufe bironta. Ta rufe littafin. Ta saka shi a jaka ta zuge.

Mang Kulas ya ce, "Remy, me kika rubuta?"

Ta ce, "An kaɗa ƙararrawa, Mang Kulas. Sai waliyyi ya koma coci."

Ban taɓa ganin zagayen waliyyi irin wannan ba. Baki na addu'a, ido na kan jakar Ate. Maza huɗu ke ɗauke da San Isidro a kafaɗa, Kuya Efren a gaba ta dama fuska a murtuke, Nanding a gaba ta hagu da ganyen rake a gashi, shi kaɗai ne kafaɗarsa ba ta ko girgiza. Na kutsa da kyandir ɗina da yarinya har na jera da Ate.

Na rage murya na ce, "Ate, ai kin gani."

"Ana addu'a, Doray."

"Ko Pilo ya kama ba zai same shi ba. Ya riga ya wuce."

"Yaushe kika fara riƙe littafi?"

Sai ga wata gajeriyar mata ta ɓullo ta ɗaya gefen, ashe matar Pilo ce, Aling Saling. Ta ce, "Malama, ke ce mai littafin? To ki ji da kyau. Mijina shekara biyu bai yi sakaci ba. In kika rubuta masa sakaci a kan ƙwallon da ko kaza ba za ta bi ba, ni da ke ne."

Wata tsohuwa daga baya, wadda mijinta ne na huɗu a bango, ta ce, "Ya taɓa hannunsa! Duk mun gani! Abin da ya taɓa hannu ya faɗi sakaci ne!"

"Ke Lola da idon naki?"

"Idona ya fi hannun mijinki!"

Sai da Fada ya juyo ya harare mu.

Hanyar komawa coci ta gaban ɗakin awon rake take bi. Rana ta yi ja, ta haske bangon. Da muka zo daidai nan Ate ta fita daga layi ta tsaya. Na tsaya tare da ita, jama'a suka wuce mu suna waiwaye. Ta daɗe tana kallon na ɗaya, surukinta, da na tara, Tatay.

Ta ce, "Kin san shekara nawa Efren yake jiran ranar nan? Sha ɗaya. Shi ya ɗauki ƙungiyar nan a wuya. Yau sau huɗu ya tsaya, ba a ba shi ko jifa ɗaya ba. Gobe a shafe ubansa, a shafe ubana, a rubuta Onyok mai aron takalmi. A rubuta mai taho."

Na ce, "Ubanmu, Ate. Ni ma ubana ne."

Ta juyo ta kalle ni kamar yau ta fara jin haka.

Na ce, "Ke komai naki ne. Kujera taki, laima taki, littafin Tatay naki. Ni ruwa nake ɗebowa. Abu ɗaya tak ya faɗo ta wajena, shi ma yana cikin jakarki."

Lilibeth na jan ɗankunnena. Ate ta buɗe jaka ta fito da littafin. Ta buɗe shafin ranar ta nuna mini gurbin Nanding, fari fes ba komai.

Ta ce, "Tun ƙwallon bai kai rabin hanya ba na san bugu ne. Pilo ko fuka-fuki gare shi ba zai kama shi ba. Tatay ya ce mini ranar da na rubuta ƙarya a littafin nan in kai shi murhu. Ba ƙarya zan rubuta ba, Doray. Hannuna ne ya ƙi."

Ta danna littafin a jikin bango, daidai ƙasan sunan Tatay, ta ja ɗan layin nan mai nuna bugu mai rai, daga wurin bugu zuwa buhun farko. Ta ja shi da ƙarfi har takarda ta huje. Ta mayar da littafin jaka ta bi bayan waliyyi, ba ta sake kallona ba.

Mare, abin da na ji ban san sunansa ba. Daɗi ne, amma har da wani abu kuma. Shekara ashirin da huɗu ina kallon Ate da idon hassada, ban taɓa sanin yadda yake a fuskar wani ba sai ranar da na gan shi a tata. Zan faɗa miki gaskiya tunda ke ce: ya yi mini daɗi. Na faɗa wa Fada ranar Asabar, ya ba ni addu'o'i, na yi, har yanzu yana yi mini daɗi.

Washegari da safe aka kawo farar ƙasa a bokiti. Mang Kulas ya shafe sauran, da ya zo kan na tara sai Ate ta karɓi burushin ta miƙo mini a gaban kowa.

"Ke kika so. Ke za ki shafe shi."

Na shafe, Mare. Sau uku na bi kai don baƙin ya ƙi ɓuya. Na yi kuka har majina, Nanding na bayana riƙe da yarinya yana cewa, "Doray, ko a bar shi?" Na ce masa ya yi mini shiru.

Sababbin sunayen Ate ce ta rubuta, don duk Tubuhan ba mai hannunta. Ta jero su bi da bi yadda aka yi bugun. Kuya Efren bai zo ba, an ce ya tafi gyaran babur. Fernando Balingit, cikakken sunan Nanding ke nan, na goma sha huɗu, can ƙasa kusa da ciyawa. Kuma na auna da yatsana, Mare, bayan kowa ya watse: nasa ya fi na kowa ƙanƙanta da gaɓa guda. Ta ce wai wuri ne ya ƙare. Wuri bai ƙare ba, akwai tafin hannu biyu a ƙasa.

Ta yi abinta. Abin da ba ta lura ba shi ne, duk sauran sai an ɗaga yaro sama kafin ya taɓa. Na Nanding kuwa, ranar Lahadi da muka fito daga coci bayan baftisma, zaunar da Lilibeth kawai na yi a ƙasa da farar rigar da kika aiko, ta miƙa hannu da kanta ta dafa sunan ubanta. Ba aro. Har ta so ta lasa. Ate na tsaye a gefe da laimarta, ta ce rigar za ta yi datti.

Yanzu Nanding in ya fita talla yara da manya sai sun tare shi ya nuna musu yadda ya riƙe sandar, taho na ƙarewa kafin ƙarfe takwas. Cewa yake wai da gangan ya buga a hankali. Na ƙyale shi.

To ke dai ranar Lahadi in kun taru a ƙarƙashin gadar nan da kuke shimfiɗa kwali, ki karanta wa duk 'yan Tubuhan, da ƙarfi. Ki tabbata Nida ta ji, ƙanwar Kuya Efren, wadda ta ce a bikina wai na auri bokiti biyu. Wurin ƙafa ba takalmi ki karanta mata sau biyu. In kin gama ki ba ta takardar ta kai wa mutanenmu na unguwar Kowloon.